Ranar Da Aka Kashe Injin Niƙa

Ni dai har gobe ban yafe wa mutumin nan mai farar mota ba. Ana ta ce min in yi haƙuri, wai niyyarsa mai kyau ce. Niyya! Niyyar ce za ta ɗaga labule ta fito min da ƙanena daga ɗaki? Wanda ya taka maka yatsa da kyakkyawar niyya ai zafin bai ragu ba. A bar ni in faɗi abin da ya faru, sannan duk mai ganin na cika faɗa ya zo ya gaya min a fuskata.

Asibitin ƙauyenmu ɗaki uku ne. Akwai na allura, akwai na haihuwa, sai wani ɗan kurkuku a baya da ake zuba kwalaye da karyayyen sikeli. Wannan na bayan shi aka ba mu. Bango ɗaya ya raba shi da rumfar injin niƙa, bangon ma bai kai rufi ba, kuma tagarsa ba gilashi ba marfi, tana kallon daidai inda mata ke jera kwanukan hatsi suna jiran layi.

Malamar asibiti ce ta haɗa mu, mu da ba a samun ciwonmu a jini ko a fitsari. Masu rashin barci, masu faɗuwar gaba, masu zama su yi ta kallon bango. Ni tun rasuwar maigidana gabana ke faɗuwa ba dalili, ko cokali ya faɗi sai in ji kamar an aiko da mugun labari. Da ta ce min duk Talata da safe za mu riƙa fita motsa jiki, dariya na yi har da riƙe ciki.

"Malama, ni da nake yini a duƙe a gona? Wane jiki ne ya rage ban motsa ba?"

Ta ce, "Inna, wancan wahala ce. Yaushe rabon da ki yi tafiya ba komai a kanki, ba kuma wanda yake jiranki?"

Wallahi ban tuna ba.

To haka muka fara. Mu taru a ƙofar asibiti, mu miƙe hanya har gada mu juyo, muna wurga hannuwa kamar agwagi. A gindin bishiyar da ke bakin gadar mu tsaya, a ce mu ɗaga hannu sama, mu sunkuya, mu ja numfashi mu sake. Tela, wani tsoho da ya shekara bai yi wa kowa murmushi ba, in ya sunkuya sai gwiwarsa ta yi ƙas, matar mahauci ta ce a kawo masa man keken ɗinkinsa. Mutanen gari sun yi ta kallonmu, suka gaji suka bari. Ni kuwa daren Talata ne kaɗai nake barci kamar an jefar da ni.

In mun dawo sai mu shiga ɗan ɗakin nan mu zauna a benci, a yi magana. Da farko mun yi ta mita a kan injin. In mai inji ya ja igiya ya tashe shi, har kwanon rufi rawa yake. Dole ka matso, kai ya kusa haɗuwa da kai, ka ɗaga murya kamar mai kiran wani a hayin rafi. Amma sannu a hankali muka gane abin da muka samu. Duk abin da ka faɗa a ɗakin nan, a ɗakin yake mutuwa. Mace tana tsaye a gindin taga da kwanonta, sai dai ta ga bakinka yana motsi. A cikin ƙarar nan matar mahauci ta faɗi abin da ko uwarta ba ta gaya wa ba. A cikinta Tela ya yi kukan ɗansa. Babu wanda ya taɓa cewa ga dalili, amma in mai inji ya makara, sai ka ga muna ta zancen ruwan sama da tsadar taki. Yana tashin inji, sai wani ya gyara zama ya ce, "Ni dai makon nan..."

Yanzu in zo kan Auta. Ƙanena ne, ni na goye shi, a gari kuma Mai Rijiya ake ce masa, don rabin rijiyoyin yankin nan shi ya haƙa. Mutum ne da yake sauka rami yana waƙa. Wata rana ya fito shan ruwa, abokin aikinsa ya karɓe shi ya sauka, ƙasa ta rufta. Da hannu Auta ya yi ta tona har faratansa suka cire, amma rai ya riga ya yi halinsa. Bayan nan sai ya ce bayansa ya riƙe. Aka yi ta magani, baya bai saki ba. Ya daina karɓar aiki, ya daina zama a ƙofar gida, daga baya ya daina fitowa tsakar gida ma. Ya saki labule, ya juya fuska bango.

Matarsa, da har yau Amarya nake ce mata ko da 'ya'yanta sun tasa, ita ta ɗauki gidan a kanta. Ga gona, ga awaki, ga bakin yara. Kuma duk yamma ta Allah sai ta ɗora tukunya ta dafa ruwa, ta kai ɗaki, ta tsoma tsumma tana gasa masa baya, ta shafa man zafi. Ban taɓa jin ta ce ta gaji ba.

Da faɗa na fito da shi. Na tsaya a bakin labulen na ce, "Auta, ko ka tashi ka bi ni, ko in kwanta a nan ƙofar, duk mai shiga ya tsallake ni." Ya san halina, ya tashi. Makonnin farko a can baya yake tafiya, kai a ƙasa, hannu a ƙugu. Akwai wata tsohuwar rijiya a gefen hanyar gada, na lura in mun kusa da ita sai ya tsallaka ɗaya gefen, amma na ja bakina. A hankali ya matso tsakiya. Ya aske gemu. Wata rana na ji shi yana tsokanar Tela, sai da na waiwaya don in tabbatar muryarsa ce. Har dangar gidansa ya gyara. A ɗaki kuwa bai taɓa cewa uffan ba, sai dai ya saurara, Malama kuma ba ta matsa masa ba.

Ana nan sai ga baƙo. Wai daga babban ofis aka turo shi duba yadda aikin yake tafiya. Farar mota, takalmi yana ƙyalli, ga fara'a, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya bi mu har gada, ya ɗaga hannu da mu, ya sunkuya da mu, ya ce bai taɓa ganin rukuni mai kuzari irin namu ba. Muka dawo, ya nemi izini ya zauna da mu, muka ce bismilla. Mai inji ya ja igiya. Na ga baƙo ya yamutsa fuska, ya sa yatsa a kunne yana girgiza kai.

Ban san abin da ya shiga zuciyar Auta ranar ba. Ko tafiyar ce ta yi masa daɗi, ko kuwa maganar ce ta nuna ta gaji da zama a ciki. Sai kawai na ji ya yi gyaran murya. Ya dafa gwiwoyinsa, ya rufe ido ruf, ya fara. Ya faɗi ranar da ƙasa ta rufta, yadda igiyar ta yi sako-sako a hannunsa. Duk muka matso. Ni numfashi ma a hankali nake yi, kada in firgita maganar ta koma.

Na ga baƙon ya raɗa wa Malama wani abu a kunne. Ta ɗaga masa hannu alamar ya dakata, idonta a kan Auta. Sai ya miƙe a hankali, yana sanɗa, wai don kada ya katse mai magana, ya fice. Na ɗauka bayan gida zai zaga, ashe wurin mai inji ya nufa ya sa a kashe.

Wanda ya san injin niƙa ya san ba ya mutuwa lokaci ɗaya. Sai ya yi tari, ya yi ƙasa-ƙasa, yana ja yana ja har ya tsaya. Shi ya sa Auta bai ankara ba. Idonsa a rufe, muryarsa a sama yadda muka saba ɗaga ta, ya ci gaba.

"Bayana lafiyarsa ƙalau! Ƙarya nake yi! Tsoro nake ji. Ko guga na ga an zura sai ƙafafuna su kama rawa. Ranar da aka zo kirana yasar rijiyar makaranta, bayan rumbu na ɓuya ina kuka kamar ƙaramin yaro!"

Na damƙi gwiwarsa, amma magana zarar bunu ce. Wuri ya yi tsit, har kaza na ji tana tsattsaga a ƙarƙashin taga. Sai wata ta ce "Iye!" a waje, wata kuma ta ƙunshe dariya ba ta ƙunsu ba. Auta ya buɗe ido. Ya dubi taga, muka duba tare. Ga kawunan mata reras, kowace ta saki baki. A tsakiyarsu ga Amarya da kwanon masara a ƙugu.

A daidai nan mai farar mota ya shigo yana kakkaɓe gari daga hannun rigarsa, fuskar nan fal murmushi.

"Yawwa," ya ce. "Yanzu kowa zai ji kowa. Ci gaba, malam."

Auta ya tashi ya fita, ko takalminsa bai tsaya sawa ba.

Abin da na gaya wa mutumin nan ba duka zan maimaita ba, don akwai wanda bai dace da shekaruna ba. Na ce, "Kai wa ya aike ka? Wa ya kai maka kuka? Mun ce maka kunnenmu yana ciwo?"

Ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, wallahi ban sani ba."

"Ka tambaya? Bakinka ciwo yake? Ka shigo ɗakin mutane yau da safe, kafin rana ta take har ka san inda yake musu yoyo?"

Ya yi ta ba da haƙuri, har da dafa ƙirji. Malama ta fita da gudu bin Auta, ta dawo ita kaɗai. To ka ji abin da ya fi ƙona min rai. Mutumin nan da ya gama ba ni haƙuri, kafin ya shiga motarsa sai da ya ja shugaban asibiti gefe ya ce ba daidai ba ne masu neman kwanciyar hankali su zauna cikin wannan hayaniya. A riƙa kashe inji duk lokacin zamanmu, shi kuma zai sa a kawo gilashin taga, a ƙarasa bango. Shugaba ya ce to, ranka ya daɗe. Mai inji da yake zaune a filin asibiti aro, ya isa ya ce a'a? Gilashin nan ko hotonsa ba mu gani ba.

Kafin yamma magana ta gama gari. Kashegari Auta ya daure ya fito zai je gona, yana wucewa ta gaban mai shayi wani ya ɗaga murya, "Mai Rijiya, ya bayan?" Aka kwashe da dariya. Ƙattin banza, waɗanda ko cikin randa aka ce su leƙa sai sun yi addu'a! Kowannensu ruwan da yake sha, Auta ne ya sauka cikin duhu ya tono masa shi. Wani da ya taɓa kawo masa saiwar magani ya aiko a gaya masa ai da ya sani da bai wahalar da kansa ba. Masu tausayin ma ba su fi ba, su tare ni a hanya su karkace kai, "Ashe abin a ka yake? Allah sarki." Auta bai kai gonar ba. Ya juya gida, ya saki labule.

Talatar da ta biyo muka yi tafiyarmu ba shi, ba mai tsokanar kowa. Muka shiga ɗaki, inji a kashe bisa umarni. Layin niƙa kuwa ban taɓa ganin ya cika irin na ranar ba. Har wadda na san jiya-jiya ta yi niƙa ta dawo da ɗan kwanonta. Sun zauna a gindin taga shiru, matan da in suna hira ko injin sai ya yi da gaske. Malama ta ce, "To, wa zai fara?" Tela ya dubi rufi, ya ce zare ya yi tsada. Matar mahauci ta ce ƙwarai kuwa. Shi ke nan zaman.

Na tashi na leƙa tagar na ce, "Sannunku da aiki! Ku matso mana, ko in kawo muku benci? Ke mai jan kallabi, in labari kike so, in fara da na gidanku?" Suka sunkuyar da kai suna tsintar tsakuwa a hatsi, amma ko ɗaya ba ta tashi ba.

Duk wannan bai kai tsoron da nake ji game da Amarya ba. Tun ranar ba ta ce da ni komai ba. Na ce a raina, mace ta shekara tana dafa ruwa, tana ƙona hannu, tana noma ita kaɗai saboda bayan da lafiyarsa ƙalau, sannan ta ji gaskiya a gaban matan gari? In ta tattara yaranta ta koma gidansu, wa zai ga laifinta? In kuwa ta tafi, na san Auta ba zai sake fitowa daga ɗakin nan da ƙafarsa ba.

Ran Litinin da yamma na shirya kalaman roƙo na tafi. Na same ta a madafa, zaune a gaban murhu ba wuta, tukunyar ruwan a kife. Takalmin Auta da Malama ta aiko da shi yana bakin ƙofar ɗaki, ƙura ta hau kansa.

Na ce, "Amarya, na san an cuce ki. Amma ki dubi Allah, ki dubi yaran nan. Ba da gangan ya yi miki ƙarya ba."

Ta ɗago ta dube ni kamar na yi wauta.

"Yaya, ke ma? Bayan da nake gasawa kullum da hannuna? Mai ciwon baya in ka danna sai ya zabura. Shi ko gezau. Tun makon farko na sani."

Na ce, "To, ruwan fa?"

"Ruwan ai shi ne hanyata ta shiga." Ba kuka take ba, fushi ne. "In na kai abinci ya ce ajiye. In na zauna ya juya bango. Amma in na ce ga ruwan bayanka, sai ya cire riga ya kwanta, ya bar ni in taɓa shi. Wani lokaci har ya tambaye ni yara. Maƙwabta su ga hayaƙi su ce ana jinya, ba mai cewa rago ne. Shi yana rufa wa kansa asiri, ni ina riƙe masa bakin zanen. Wa muka tsare wa hanya? Yanzu wani ya zo daga uwa duniya ya yaye mana zanen. Tun ranar ban shiga ɗakin nan ba, Yaya. Da wane dalili zan shiga? In ce na kawo ruwan me?"

Wallahi da mai farar mota yana kusa a lokacin, da sai an ɓamɓare ni daga wuyan rigarsa.

Na jawo itace na tura a murhu. Na ce, "Tashi ki ɗauko ashana."

"Yaya..."

"Ruwanki ne, itacenki ne, mijinki ne. Sai an ba ki izini daga ofis?"

Ta tashi ta birkice tukunyar. Muka zauna muna iza wuta har ruwa ya tafasa. Ta juye a bokiti, ta sirka, ta taɓa da gwiwar hannu yadda ta saba, ta saɓa tsumma a kafaɗa. Na bi ta a baya har bakin labule. Ta tsaya, ta ɗaga murya yadda na bayan danga ma zai ji.

"Ga ruwan bayanka."

Tururi yana ta tashi yana dukan fuskarta, bokitin yana jan hannunta, ba ta ajiye ba. Gabana ya shiga faɗuwa irin wadda na manta da ita. Na fara jan numfashi ina saki yadda ake koya mana a bakin gada.

Can sai muryarsa ta fito, a dushe.

"Kin san bayana ƙalau yake."

"Na sani."

Na ji gado ya yi ƙara.

"To, shigo da shi kafin ya huce."

Ta ɗaga labule ta shiga. Na juya zan tafi, ina goge ido da bakin mayafi ina zagin hayaƙin murhu, sai na ji ya ce, "Yaya tana nan?"

"Ina nan, Auta."

"Gobe injin zai tashi?"

Na sunkuya na ɗauki takalminsa, na buga su da juna ƙurar ta zube, na jera masa su suna kallon waje.

Na ce, "In mai inji ya ƙi jan igiyar, ni zan ja ta. Shugaban asibiti ya zo ya kashe in gani."